Yadda za ka gane yawan iskar da ke shiga ɗaki ta hanyar auna CO2

Ɗaki zai iya yin sanyi, fanka na juyawa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, alhali iskar da ke ciki ita ce dai wadda mutane suke ta shaƙa suna fitarwa tun safe. Jiki ba ya saurin gane haka. Hanci yakan saba da wari cikin 'yan mintuna, shi ya sa sai wanda ya shigo daga waje ne yake jin ɗakin ya yi nauyi. Masu kula da makarantu da ofisoshi da ɗakunan taro da yawa suna son sanin ko gininsu na samun isasshiyar iska, amma ɗauko injiniya da kayan awonsa ba abu ne da kowa zai iya ba.

Akwai hanya mai sauƙi. Duk mai numfashi yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2. Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan ɗaya na iskar wurin. Iskar waje a yanzu tana ɗauke da kusan ppm 420, numfashin da mutum ya fitar kuwa yana kai wa kusan 40,000. Wannan tazara mai faɗi ita ce ta sa CO2 ta zama alamar da ake iya bin sawunta. Idan ta taru a ɗaki, numfashi ne ya taru. Idan ta ragu, iskar waje ce ta shigo ta kore ta.

Tunanin ya daɗe. Tun a 1858 Max von Pettenkofer, masanin tsaftar muhalli a birnin Munik na Jamus, ya ba da shawarar kada CO2 ta wuce ppm 1,000 a ɗakin da mutane ke zama. Bai ce tana cutarwa a wannan mataki ba, ya ɗauke ta ne a matsayin shaidar sauran abubuwan da jikin mutane ke zubarwa cikin iska. Lambarsa ta shahara har mutane suka manta da dalilinta, yau sai ka ga an sayi na'ura an rataye a bango, in ta nuna 950 a ce lafiya, in ta nuna 1,050 hankali ya tashi. Lambar da ke kan na'ura ita kaɗai ba ta gaya maka yawan iskar da ke shiga. Sai ka haɗa ta da abu uku: awon waje, yawan mutanen da ke ciki, da tsawon lokacin da suka yi. Wannan haɗin shi ne aikin da za mu bi daki-daki.

Tushen lissafin

Ka ɗauki bokiti mai huji a gindi, ka ajiye shi ƙarƙashin famfo. Da farko ruwa zai yi ta hawa da sauri. Yana ƙara hawa yana ƙara matsa hujin, abin da ke zuba yana ƙaruwa, har a kai inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, sai ruwan ya tsaya a wuri ɗaya. In ka rufe famfon, zai fara sauka, da sauri a farko, sannu a hankali daga baya. Mutanen ɗaki su ne famfon, musayar iska da waje ita ce hujin. Daga inda CO2 ta tsaya za a iya gano girman hujin, daga saurin saukarta ma za a iya. Waɗannan su ne manyan hanyoyi biyu, kuma ina ba da shawarar a yi duka biyun, domin kowacce tana kama kuskuren 'yar'uwarta.

Amsar takan zo a siga biyu. Ɗaya ita ce lita nawa ta iskar waje kowane mutum yake samu a sakan ɗaya. Ɗayar kuma ita ce sau nawa a awa ɗaya iska mai yawan girman ɗakin take shiga, abin da za mu kira sauyin iska a awa.

Mataki na 1: samo na'urar da za a iya yarda da ita

Nan ne ya fi cancanta a tsaya, don in na'ura ba ta da kyau duk lissafin da zai biyo baya aikin banza ne. Ka nemi wadda aka rubuta NDIR a jikinta ko a takardarta. Irin wannan tana haska wani haske da ido ba ya gani ta cikin iska, ta auna yawan wanda CO2 ta shanye. Akwai wasu masu araha da ke nuna abin da ake kira eCO2. Su ba CO2 suke aunawa ba, ƙamshi da tururin sinadarai suke ji sannan su yi kintace. Gwajin rarrabe su ba wuya: ka shafa man tsaftace hannu mai sinadarin barasa, ka kawo hannun kusa da na'urar ba tare da ka yi numfashi a kanta ba. Ta kintace za ta yi tsalle, ta gaskiya ba za ta damu ba.

Ka fi son wadda take adana awo da kanta duk minti ɗaya ko biyu, ko take tura shi waya. Ba don ƙawa ba, sai don a hanya ta biyu, wato ta saukar CO2, dole ne kai ma ka bar ɗakin.

Na'urori masu kyau ma suna da kuskure, galibi wajen ppm 50 sama ko ƙasa, da ƙarin wani ɗan kaso na abin da suka nuna. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: da yawa daga cikinsu suna gyara kansu ta hanyar ɗaukar mafi ƙarancin abin da suka gani cikin kusan mako guda a matsayin iskar waje, wato ppm 400. Wannan dabara tana aiki a ofishin da ake kullewa da dare. A ɗakin da ba ya rabuwa da mutane, kamar ɗakin kwanciya na asibiti, tana sa na'urar ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. In haka wurinka yake, ka kashe wannan tsarin, ka riƙa fitar da ita waje kana daidaita ta da hannu. Wanda ke zaune a wuri mai tsayi sosai daga teku shi ma ya duba ko na'urarsa tana da wurin saka tsayin wurin, don ƙarancin matsin iska yana rage abin da take nunawa.

Mataki na 2: auna waje

Ka fitar da na'urar fili, cikin inuwa, nesa da bakin titi da bututun janareta da bakinka. Ka bar ta minti 10 zuwa 15 har lambar ta daina motsi, ka rubuta. A tsakiyar birni mai cunkoson motoci za ka iya ganin sama da 420, wani lokaci 450 ko 500. Kada ka aro lamba daga littafi, ka yi amfani da abin da na'urarka ta nuna a ranar. Dalili shi ne duk lissafin a kan bambancin ciki da waje yake, kuma in na'ura ɗaya ce ta auna duka biyun, yawancin karkacewarta zai soke kansa. In kuwa ta nuna 300 ko 650 a fili, ta kauce sosai, sai an daidaita ta kafin a ci gaba.

Mataki na 3: san ɗakin da mutanensa

Ka auna tsawo da faɗi da tsayi zuwa silin, ka ninka su. Za mu yi amfani da misalin ɗakin taro mai tsawon mita 8, faɗin mita 7, tsayin mita 3. Girmansa mita kubik 168 ke nan. In manyan kabad sun cinye wuri mai yawa, ka cire nasu.

Ka ƙirga mutane, ka rubuta lokacin da suka shiga da duk lokacin da wani ya fita. Ka lura da abin da suke yi. Babban mutum da ke zaune yana aikin tebur yana fitar da kusan lita 0.005 ta CO2 a sakan, wato lita 18 a awa. Yaran firamare suna fitar da ƙasa da haka, wajen 0.003 zuwa 0.004. Mai barci ma ƙasa yake. Mai motsa jiki da ƙarfi zai iya ninka na mai zama sau uku ko huɗu. Andrew Persily da Lilian de Jonge sun wallafa cikakken jadawali a 2017 wanda ya raba wannan bisa shekaru da jinsi da nau'in aiki, kuma duk mai son amsa mai kaifi zai amfana da shi. Ga aikin yau da kullum, 0.005 ta isa ga manya masu zama.

Sannan ka tabbatar babu wuta a ɗakin. Murhun gas, risho, kyandir, fitilar kananzir, duk suna fitar da CO2, kuma lissafin zai ɗauke su a matsayin ƙarin mutanen da ba ka ƙirga ba.

Ka rubuta yanayin ɗakin kamar yadda yake: taga nawa ce a buɗe, buɗewar rabi ce ko duka, ƙofa fa, fanka fa. Kada ka gyara komai don ana awo. So kake ka san ɗakin yadda mutane ke zama a cikinsa kullum.

Mataki na 4: wurin ajiye na'ura

A tsayin hancin mai zama, wajen mita 1 zuwa 1.5 daga ƙasa. A ba ta aƙalla rabin mita daga bakin kowa, mita ɗaya ya fi. A nisanta ta da taga da ƙofa da bakin bututun da ke huro iska. In ɗakin babba ne, ka gwada wuri biyu ko uku. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, iskar ɗakin ba ta gauraya sosai ba, kuma wannan shi kansa bayani ne mai amfani: akwai lungun da iska ba ta kai wa.

Mataki na 5: hanyar tsayawa

Ka bar na'urar tana aiki mutane suna ciki, har lambar ta daina hawa. Ka cire awon waje daga awon ciki. Sai ka raba 5,000 da abin da ya rage. Amsar ita ce lita nawa kowane mutum yake samu a sakan. Ita 5,000 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, 0.005 ce aka ninka da miliyan ɗaya. In yara ne a ɗakin sai ka sa 3,500 a madadinta.

A misalinmu, manya 25 suna zaune. Waje ya nuna 420, ciki ya tsaya a 1,670. Bambanci 1,250. Raba 5,000 da 1,250, ka sami lita 4 a sakan ga kowane mutum. Ninka da mutum 25, ɗakin gaba ɗaya yana samun lita 100 a sakan. Ninka wannan da 3.6 don ya koma mita kubik a awa, ka sami 360. Raba da girman ɗaki, 168, sauyin iska ya zama kusan sau 2.1 a awa.

Yana da kyau ka haddace 'yan lambobi. Bambancin 500 na nufin lita 10 ga mutum, 700 kusan lita 7, 1,000 lita 5, 2,000 kuwa lita 2.5 kacal.

Abin lura a nan shi ne girman ɗaki bai shiga lissafin litar mutum ba ko kaɗan. Babban ɗaki ba ya sauya inda CO2 za ta tsaya, yana jinkirta isa wurin ne kawai. Kuma wannan jinkirin shi ne ramin da mafi yawan masu awo suke faɗawa.

Kafin CO2 ta kai kashi 95 cikin 100 na inda za ta tsaya, tana buƙatar awa 3 a raba da sauyin iska. A ɗakinmu, 3 a raba da 2.1, kusan minti 85 ke nan. A ɗakin da sauyinsa rabi ne a awa, sai an yi awa 6 mutane ba su motsa ba, abin da da wuya ya faru in ba a ɗakin barci ba. Ka ga ɗakin da ya fi rashin iska shi ya fi wuyar kamawa da wannan hanya.

Bari mu ga illar gaggawa. A ce taron minti 40 ne kawai. A lokacin tashi na'urar za ta nuna wajen 1,370. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin tsayawa zai raba 5,000 da 950 ya sami lita 5.3, alhali gaskiyar 4 ce. Ya ƙara wa ɗakin kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ba shi da ita. Kuskuren kullum ɓangare ɗaya yake karkata, yana nuna ɗakin ya fi yadda yake kyau. Saboda haka, in lambar tana kan hawa lokacin da mutane suka tashi, abin da ka samu iyaka ce ta sama: iskar ba ta kai haka ba. Ka duba mintuna 15 na ƙarshe. In ta ƙaru da fiye da 'yan gomomi, ba ta tsaya ba tukuna.

Mataki na 6: hanyar sauka

Wannan ita ce na fi amincewa da ita, don ba ta buƙatar ka san yawan mutane ko abin da kowa yake fitarwa. Abin da take buƙata shi ne CO2 ta taru, sannan kowa ya fita.

Da taro ya tashi, ka bar tagogi da ƙofa da fanka yadda suke lokacin da mutane ke ciki. In ƙofa a rufe take, a mayar da ita a rufe. Kai ma ka fita. Ka yi watsi da mintuna biyar na farko, lokacin da buɗe ƙofa da fitar jama'a suka dagula iskar. Ka ɗauki awo ɗaya a matsayin farko, wani kuma bayan minti 20 zuwa 40.

Ka cire awon waje daga kowanne. Ka raba na farko da na biyu. Ka danna maɓallin ln a kalkuleta, yana nan a kusan kowace waya in ka buɗe kalkuleta ta kimiyya. Abin da ya fito ka raba shi da lokacin da ya wuce, a lissafin awa.

A ɗakinmu, awon farko 1,640, bayan minti 30 ya sauka zuwa 850. Bambancinsu da waje 1,220 da 430. Raba su, 2.84. Danna ln, 1.04. Raba da rabin awa, wato 0.5, ka sami kusan 2.1. Ninka da 168, mita kubik 350 a awa. Raba da 3.6, lita 97 a sakan. Raba da mutum 25, lita 3.9 ga kowa. Hanyar farko ta ba mu 4. Idan hanyoyi biyu masu tushe daban suka haɗu haka, za ka iya tsayawa gaban shugaban makaranta ko mai gini ka faɗi lambar da ƙarfin gwiwa.

Ga wanda ba ya son ln, akwai gajeriyar hanya. Ka duba minti nawa bambancin ya ɗauka kafin ya koma rabi, ka raba 42 da wannan. Rabin 1,220 shi ne 610, wato lokacin da na'ura ta nuna 1,030. In minti 20 ya ɗauka, 42 a raba da 20 ya ba da 2.1. A kula, bambancin ne zai koma rabi, ba lambar da ke fuskar na'ura ba. Wanda ya jira 1,640 ta koma 820 ya yi wani lissafi dabam.

Yanzu mu koma kan kuskuren ppm 50 da na ce ka riƙe. A bambancin 1,200, kashi 4 ne cikin 100. A bambancin 200, kashi 25 ne. Don haka ka fara da bambanci mai kauri, aƙalla 600 ko 700, kuma ka tsayar da lissafi kafin ya sauka ƙasa da 300. Wutsiyar saukar, inda layin yake kwantawa kusa da awon waje, ba ta da amfani. Ka kuma gwada ɗaukar tsakani biyu daban, misali minti 20 na farko da minti 20 na biye. In amsoshin sun yi nisa da juna, wani abu ya sauya a tsakani, ko wani ya buɗe ƙofa, ko iska ta taso, ko na'urar da ke rarraba iska a gini ta kashe kanta bayan tashi aiki. Wannan na ƙarshen yana faruwa sosai a manyan gine-gine, kuma sai ka auna ginin da yake barci kana zaton kana auna na lokacin aiki.

In ɗakin babu mutanen da za su tara CO2, ana iya amfani da busasshiyar ƙanƙara, wadda CO2 ce daskararriya. Kilo ɗaya yana ba da kusan lita 540 ta iska, saboda haka rabin kilo ya isa ya ɗaga ɗakinmu da wajen ppm 1,600. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, sai da safar hannu mai kauri. Ba a rufe ta cikin kwalba ko gwangwani, za ta fasa shi. Ba a yin wannan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ƙaramin ɗaki marar taga, kuma ba a yi da mutane a ciki. Ka kunna fanka ta gauraya iskar, ka fitar da ragowar ƙanƙarar waje, sannan ka fara ƙirga lokaci.

In ba tsayawa, ba kuma fita

Wani ɗakin mutane ba sa daɗewa har CO2 ta tsaya, kuma da wasu sun fita wasu ke shiga. Nan ana iya amfani da hawan kansa. Ka ɗauki awo uku masu tazarar lokaci ɗaya, yawan mutane bai sauya ba. A misalinmu, 420 a farko, 1,060 a minti 20, 1,370 a minti 40. Hawan farko 640, na biyu 310. Raba su, 2.06, ln ɗinsa 0.72, a raba da sulusin awa, kusan 2.2. Ta yi kusa da 2.1, amma ɗan motsin na'ura yana girgiza wannan hanya sosai, don haka kada a koma gare ta sai in sauran biyun ba za su yiwu ba.

Ginin da ke da babbar na'ura mai rarraba iska ta bututu yana da nasa awon. Irin wannan na'ura takan gauraya iskar waje da wadda ta dawo daga ɗakuna. Ka auna CO2 a bakin da ke zuƙe iska, da bakin da ke huro ta, da waje. Cire na hurowa daga na zuƙewa, cire na waje daga na zuƙewa, raba na farko da na biyu. In zuƙewa 900, hurowa 780, waje 420, to 120 a raba da 480, kashi 25 cikin 100 ne kawai na abin da ake hurowa sabuwar iska.

Me lambar take nufi

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2021 lokacin annobar korona, ta ba da shawarar aƙalla lita 10 a sakan ga kowane mutum a gine-ginen jama'a. Ƙa'idar 62.1 ta ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka tana haɗa kason mutum da kason faɗin ɗaki, wanda a ofis na yau da kullum yake kamawa kusan lita 8.5. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a 2023 a nemi sauyin iska sau 5 a awa, amma ta haɗa har da iskar da aka tace. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ɗaukar ɗakin da yake yawan wuce ppm 1,500 a matsayin mai ƙarancin iska. Ita kuwa ppm 5,000 da ake gani a dokokin wuraren aiki iyaka ce ta kare ma'aikaci daga CO2 kanta a aikin awa 8, ba ma'aunin isar iska ba ce, kada wani ya kafa maka hujja da ita.

Ɗakinmu mai lita 97 bai kai ko rabin abin da mutum 25 suke buƙata ba a ma'aunin lita 10. A yadda yake, na mutum 10 ne. Wannan ita ce irin maganar da ake iya aiki da ita: ko a rage mutane, ko a nemo ƙarin lita 150 a sakan.

Akwai wani lissafi da yakan taɓa zuciyar masu yanke shawara fiye da lita. Rudnick da Milton sun nuna a 2003 cewa in ka raba bambancin ciki da waje da 38,000, za ka sami kason iskar da ta riga ta shiga huhun wani. Bambancin 1,250 ya ba da kashi 3.3 cikin 100. Kusan kashi ɗaya cikin 30 na duk abin da ka shaƙa a ɗakin, numfashin mutanen ɗakin ne. Ga cututtukan da ke bin iska, irin su tarin fuka da ƙyanda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda awon yake da iyaka

CO2 ba ta san daga ina iska ta zo ba. In ƙofa a buɗe take zuwa wani ɗakin da ba kowa, iskarsa za ta rage maka CO2 kamar ta waje, har sai shi ma ya cika. In baranda ta ciki cike take da jama'a, abin da ke shigowa yana ɗauke da nasa. Ka auna bayan ƙofar ma, ka rubuta.

Na'urar tace iska tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa CO2, don haka ɗaki mai matata mai kyau ya fi abin da lambarsa take nunawa aminci ta fuskar cuta. Akasin haka kuma, ƙarancin CO2 ba shaida ba ce cewa babu hayaƙi ko tururin fenti ko ƙura. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango kuwa iskar ɗakin take juyawa, ba ta kawo ta waje, haka ma fankar silin. Ɗakin da aka toshe don kada sanyi ya fita sau da yawa shi ne mafi munin lamba a gini.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: CO2 daban, kabon monoksaid daban. Ta biyun, CO, ita ce mai kisa daga hayaƙin janareta da gawayi, kuma na'urar CO2 ba ta jin ta ko kaɗan. Tana da tata na'urar.

Ko an yi komai daidai, ka ɗauka amsarka za ta iya kaucewa da kashi 20 ko fiye, musamman a hanyar tsayawa inda abin da mutane ke fitarwa ƙiyasi ne. Wannan ya isa ya bambanta lita 4 da lita 10, bai isa ya bambanta 9 da 10 ba.

A ginin da ya dogara da taga, amsar yau ta yau ce. Ƙarfin iskar waje da bambancin zafin ciki da waje su ke tura iska ta tagogi, kuma suna sauyawa daga safe zuwa rana, daga wata zuwa wata. Ka maimaita awon a ranaku daban, ka tabbatar akwai ranar da iska ta kwanta a cikinsu, ka yi shiri bisa mafi ƙarancin abin da ka samu. Sannan ka gwada gyara ɗaya-ɗaya, kana maimaita hanyar sauka bayan kowanne: taga ɗaya a buɗe, sai taga biyu a bango ɗaya, sai taga biyu masu fuskantar juna, sai a ƙara fanka mai zuƙe iska waje. Buɗe ɓangarori biyu masu fuskantar juna yawanci ya fi buɗe da yawa a bango ɗaya nesa ba kusa ba, amma ka bar na'urar ta tabbatar da haka a ɗakinka. Kowane gwaji rabin awa ne, kuma da kowace amsa ka rubuta kwanan wata, lokaci, awon waje, yawan mutane da yanayin tagogi a layi ɗaya, domin wanda zai maimaita awon bayanka ya san da me zai kwatanta.